Jar Motar Mainasara

Dalhatu bakanike ne a Anka, garejinsa na bakin hanyar da ta miƙe zuwa Gummi, a ƙarƙashin wani tsohon durumi. Shekara shida ya yi yana gyaran manyan injuna a wajen Turawan da suka yi aikin dam ɗin Bakolori. Da aikin ya ƙare cikin 1981 ya dawo gida da akwatin sifanu, da wata mota da aka jawo masa da igiya a bayan tifa. Wani injiniya ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu, domin injinta ya buga. Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, ga dogon hanci, ga ta a ƙasa-ƙasa kamar ta kwanta. Mutanen Anka suka yi ta dariya, wai motar da ba ta ɗaukar ko buhun gero mene ne amfaninta.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, shi ne ƙanensa Mainasara, wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya. Direba ne, yana jan fasinja tsakanin Gummi da Gusau, dogo, mai yawan fara'a, kuma duk tasha an san ƙafarsa da nauyi a kan totur. Ya zagaya motar sau biyu, ya shafa hancinta, ya ce, “Yaya, wagga ba mutuwa ta yi ba. Kwana takai.”

Dalhatu ya taho da wani abu kuma daga cikin tarkacen kamfanin, naɗe a buhu. Turbo ake ce masa. Ƙarfe ne mai siffar katantanwa, hayaƙin salansa ke juya farfelar da ke cikinsa, ita kuma ta riƙa ɗura wa inji iska da ƙarfi, har ƙaramin inji ya yi aikin babba. Ya ga yadda yake yi a injunan gas na Turawa, ya daɗe yana tunanin abin da zai faru idan aka ɗaura shi a ƙaramar mota mai fetur.

Shekara ɗaya da rabi suka yi a kanta. Duk ranar da Mainasara bai yi lodi ba, yana gareji. Sun sake fistin, sun yi waldar bututun salansa da hannunsu har sau uku kafin ya zauna, sun jawo siririn bututu da zai kai wa turbo baƙin mai. Ranar da suka fara fita da ita, ba su kai mil biyar ba injin ya kama wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kafin su ankara fistin biyu sun narke. Dalhatu ya zauna a bakin hanya ya dafe kai. Mainasara kuwa dariya ya yi ta yi, yana cewa, “Amma ka ji yadda ta ja kahin ta mutu?”

Suka sake buɗe ta. Dalhatu ya sa wani maƙeri ya yanko masa gaskit mai kauri na tagulla don matsin ya ragu. Ya faɗaɗa hudojin kafireta don fetur ya ƙaru, ya ja wutar fulogi baya kaɗan, ya bi da iskar ta cikin wani ƙaramin lagireto don ta huce kafin ta shiga inji. Ya ciro agogon iska daga wani tsohon injin buga taya ya ɗaure a gaban direba. Aikin hannu nasa ne, amma kunne na Mainasara ne. Shi ke tuƙi, ya karkatar da kai, ya ce, “Tana jin ƙishirwa, ƙara mata mai,” ko ya ce, “Wutar ta yi gaba, mai da ta.” Kuma bai taɓa kuskure ba.

Abu ɗaya suke gardama a kai. Akwai wani bawul mai sifirin da ke buɗewa ya saki hayaƙi idan iska ta yi yawa. Mainasara kullum so yake a ƙara wa sifirin ɗin tauri, Dalhatu yana cewa ya isa. A ƙarshe suka raba, aka ƙara wa sifirin ɗin wasa guda ɗaya, wato ɗan zoben ƙarfe. Daga nan motar ta sami muryarta. Idan an taka ta sai ta ɗan yi jim, sannan wani siririn fito ya taso, ya yi ta hawa, ta manna mutum da kujera. Idan an ɗaga ƙafa don sake giya sai ta yi kamar atishawa. Ba wanda ya sake dariya a Anka.

Birki ne kawai ya rage. Dalhatu ya sayo manyan farantan birki daga Gusau, suna jingine a bango ba a ɗaura ba. Ya kuma lura cewa bututun man birki na ƙafar baya yana ɗiga. Ya naɗe wurin da roba da waya, da niyyar ya sake shi idan ya sami sarari.

Ranar wata Laraba, bayan an gama yankan gero, Mainasara ya zo gareji bayan sallar azahar. Dalhatu na kwance a ƙarƙashin wata babbar mota da mai ita ke tsaye a kansa tun safe. Mainasara ya sunkuyo ya ce, “Yaya, ba ni makulli in ɗan sassauta mata ƙahwa. Birki hwa?”

Dalhatu yana fama da wani noti da ya ƙi kwancewa. Bai ko fito ba. Ya zaro makullin daga aljihu ya turo shi da ƙafa, ya ce, “Lahiya lau. Kada dai ka yi nisa.”

Ya ji tashinta, ya ji fiton yana yin nisa. Sai can da notin ya kwance ya tuna da robar nan da wayar.

Kafin la'asar aka zo da labari. A wata kwana kusa da mararrabar Bukkuyum, shanu na tsallake hanya, motar ta kauce musu ta daki wata bishiyar kirya. Aka rufe Mainasara kafin magariba. Kowa ya ce gudu ne da kwana ya ƙare. Da Dalhatu ya je jawo motar, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashinta. Robar ta fashe, babu ɗigon mai ko ɗaya a tukunyar birki. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa, bai ce wa kowa komai ba. Ya kai ta bayan gareji, ya cire tayoyin, ya ɗora ta a kan bulo, ya lulluɓe da tamfol.

Mahaifiyarsu, Inna Marka, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Abin da ta ce masa kawai shi ne ya sayar da ƙarfen ga masu awo, kada ta sake ganinsa. Ya ce to, amma bai yi ba.

Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki, wani direba mai suna Shitu, abokin lodin marigayi, ya tsaya a gareji a duba masa fulogi. Yana shan ruwa ya ce, “Ashe ka tashe ta? Kai, Dalhatu, kana da ƙarhin zuciya.”

“Wa na tasa?”

“Jar motar mana. Jiya ta wuce ni gaba da Daki Takwas, ko ƙurarta ban kama ba. Wa ka ba ta?”

Dalhatu ya miƙe. Ya ja shi bayan gareji ya ɗaga tamfol. Ga ta nan a kan bulo, hancin a murɗe, kaji har sun fara ƙwai a ƙarƙashinta. Shitu ya dube ta, ya dubi Dalhatu, ya ajiye kofin ruwan. Ya ce wataƙila wata ce mai kama da ita, ya shiga motarsa ya tafi ba a duba fulogin ba. Jiyan da yake faɗi Laraba ce.

Daga nan magana ta riƙa zuwa kaɗan-kaɗan. Wata mai tallan nono ta ce ta gani. Wani malamin gona da ke zuwa Gummi a kan babur ya ce iskarta ta kusa kayar da shi. Ba wanda ya taɓa ganin mai tuƙin. Kullum ranar Laraba ce da rana tsaka, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da kwalta ke rawa don zafi kuma hanya ta yi shiru. Dalhatu ya ce a ransa mutane ne da son ƙarin gishiri. Amma shi ma ranar Laraba, idan an sallame azahar, sai ya ga ya ajiye sifana ya kasa kunne. Wata rana ya ji shi. Siririn fito, can nesa, yana hawa, sannan atishawar nan. Ya san sautin kamar yadda ya san muryar ƙanensa, domin babu wani inji a duk ƙasar da ke yin sa. Ya ruga bayan gareji ya ɗora tafin hannu a kan inji ta ƙarƙashin tamfol. Da ɗumi. Ya ce rana ce. Amma wurin inuwa ne tun hantsi.

Da bazara ta kama, wani dattijon Bafillace ya zo garejin da sandarsa a kafaɗa. Ya yi sallama, ya tsuguna a gefe, ya jira har mutane suka watse. Ya ce sunansa Barau, rugarsu na kusa da mararrabar Bukkuyum.

“Kai ne wan yaron?” in ji shi.

“Ni ne, Baba.”

“Shanuna ne sunka tsallake ran nan. Ni na hidda shi daga cikin mota, bisa cinyata ya cika. Ban zo gaisuwa ba don kunya. Amma yanzu roƙo na zo. In kai ka sakin motar nan, don Allah ka bari. Kowace Laraba shanu sai su watse, sun ƙi bin burtalin. Nagge guda har ta yi ɓari.”

Dalhatu ya matso kusa da shi. Ya ce, “Baba, kai ka gan ta da idonka?”

“Na gani ba sau ɗaya ba. In ta kawo kwanar sai jajayen hitilun baya su kama, su mutu, su kama, su mutu. Awa mai son tsayawa. Amma ba ta tsayawa. In ta kai ga kiryar sai in rasa ta.”

Can Dalhatu ya tambaya ko ƙanensa ya yi magana kafin ya cika.

Barau ya ɗan daɗe yana zane a ƙasa da sanda. Ya ce, “Ya yi salati. Kahin nan ya ce, babu komi ƙarƙashin ƙahwata. Sau biyu ya hwaɗa. Ban gane ba, na aza zahin ciwo ne.”

Dalhatu ya gane. Bayan tafiyar dattijon ya shiga ɗakin ajiyar kaya ya rufe ƙofa, ya zauna a kan wata tsohuwar taya har aka kira la'asar bai ji ba.

Washegari ya yaye tamfol ɗin. Da birki ya fara. Ya ɗaura manyan farantan nan da suka yi tsatsa a jikin bango, ya sake kowane bututu da sabo daga gaba har baya, ya fitar da iskar da ta maƙale a bututun sau uku, ya taka feda har ƙafarsa ta yi tsami. Sannan ya koma kan hancin, ya ja shi da sarƙa a jikin durumi, ya yi ta bugu da guduma. Injin bai ji ciwo sosai ba, turbo ma lafiya lau. Labari ya kai wa Inna Marka. Ta aiko a kira shi, ta ce, “Ɗa guda ta ci mini. Na biyun kaka son ba ta?” Ya sunkuyar da kai ya ce yana so ne ya gama abin da suka fara. Ta juya masa baya ta ci gaba da tsince wake.

Saitin ne ya ba shi wuya, don babu kunnen Mainasara. Sai ya ɗan fita bayan gari, ya taka, ya saurara, ya dawo ya murɗa. Wani lokaci idan ya miƙa hannu zai ƙara wuta, sai ya ji kamar an ce masa a kusa da kunne, mai da ta. Yakan waiga. Ba kowa sai kujerar da babu mutum. Duk da haka yakan mayar, kuma sai ƙarar tsakuwar ta ɗauke.

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi laushi, ya ga babu sauran abin da zai taɓa. Ranar Laraba ya yi azahar, ya shiga, ya kama hanyar Gummi. Ya wuce gonakin da ake ta shuka, ya sa giya ta uku, ya taka. Allurar agogon iska ta tashi, fiton ya taso, itatuwa suka fara haɗewa da juna. Da ya doshi mararrabar Bukkuyum sai ya ji fiton ya zama biyu. Ɗaya nasa ne. Ɗayan yana bayansa, yana matsowa. Bai iya duba madubi ba. Ya hango kwanar, ya hango kiryar da ɓawonta a saɓule, ya ɗaga ƙafa ya danna birki da dukan ƙarfinsa.

Motar ta tsaya cak, nesa da burtalin shanu, tayoyi na hayaƙi. Ɗayan fiton kuwa bai tsaya ba. Ya wuce ta gefensa, har motar ta girgiza, wani zafi mai warin man birki ya shigo ta taga ya bugi fuskarsa. Sannan shiru. Babu komai a kan hanya sai wata hankaka.

Ya daɗe riƙe da sitiyari. Wata uku ya yi yana gaya wa kansa cewa idan motar ta tsaya a wurin nan, komai zai tsaya. Ga ta ta tsaya. Ya juya a hankali ya koma Anka, bai bi ta gareji ba, ya zarce gida.

Ya sami Inna a tsakar gida tana kaɗa miya. Ya cire hula ya durƙusa a gabanta ya faɗa mata komai: ɗigon man, robar da wayar, tambayar da Mainasara ya yi, amsar da ya ba shi daga ƙarƙashin mota, da abin da Barau ya ji. Bai rage ba, bai nemi uzuri ba. Tana ta kaɗa miyar har ya gama. Sannan ta sauke tukunyar, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Kwana shida ba ta yi masa magana ba. Yakan zo gaisuwa da safe ya tsuguna a bakin ƙofa, ya gaishe ta, ya ji shiru, ya tashi. Ran na bakwai ya tarar da ita zaune a kan tabarma ta yafa mayafin fita.

“Kai ni wurin,” in ji ta.

“Bari in samo motar Shitu, Inna.”

“Cikinta za ka kai ni.”

Da ƙyar ta shiga, don kujerar ta yi ƙasa. Ya ɗaura mata bel, ya ja a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A haka har suka isa kwanar. Barau na can da shanunsa, da ya gane ko wace ce sai ya cire takalma ya zo ya durƙusa. Ta sa ya nuna mata inda ya kwantar da ɗanta. Ta tsaya a wurin, sabuwar ciyawa ta rufe shi. Ta ɗaga hannu ta yi addu'a mai tsawo, su biyun suna amin. Ta yi wa Barau godiya da ya riƙe shi bai bar shi ya cika a ƙasa ba. Sannan ta juyo ga Dalhatu.

“Ban iya ce maka ba ka yi laihi ba,” in ji ta. “Ka yi. Shi ma da ya tsaya ya duba da kainai, direba ne. Na yi kwana shida ina neman wanda zan riƙe cikinku, na rasa. Ni na yahe. Sauran tsakaninka da Allah da shi.”

Dalhatu ya rufe fuska da hula. Tun ranar jana'iza bai yi hawaye ba sai a nan, a gaban baƙo da shanu.

A hanyar komawa, da suka fito wani miƙaƙƙen wuri da babu kowa, Inna ta dafa hannunsa. Ta ce, “Taka ta.”

“Inna?”

“Shekara da rabi yana ba ni labarin kukanta ina korar shi. Taka in ji abin da ya ji.”

Ya dubi hanya, ya dubi tsohuwar. Ya sauko giya ɗaya ya taka. Motar ta yi jim, fiton ya taso, ƙarfin ya manna su da kujera, gefen mayafinta ya fita ta taga yana kaɗawa. Ba ta yi ihu ba, ba ta rufe ido ba. Ya ƙirga biyar a ransa ya sassauta. Shi dai fito ɗaya ya ji, amma bai tambaye ta nawa ta ji ba.

Ta gyara mayafinta, ta numfasa. Ta ce, “Ashe haka take. Yaron banza.” Tana faɗa tana murmushi, hawaye na bin kumatunta.

Suka shigo Anka ana kiran la'asar. Bayan wannan shekarar aka yi fari, Barau ya kwashe iyalinsa da shanu suka yi kudu, don haka babu wanda ke zama a kwanar nan balle a tambaye shi. Wasu direbobi sun ce ba su sake ganin komai ba, wasu sun ce sun gani sau ɗaya ko biyu. Dalhatu bai taɓa shiga gardamar ba. Ya riƙe motar har Inna Marka ta rasu bayan shekara huɗu, kuma a cikinta yake kai ta Gummi ganin danginta duk ƙaramar salla. Bayan rasuwarta wani ɗan kasuwa daga Gusau ya zo ya saya, aka ɗora ta a babbar mota aka tafi da ita. Dalhatu bai fito ya ga tafiyarta ba, yana ciki yana wanke kafiretar wani.